Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Maharban Baka na Amurka Kafin Farautar Barewa Mai Farar Wutsiya

Ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara, tun alfijir bai keto ba, dubban mutane a jihohin Ilinoi da Ayowa da Mishigan na ƙasar Amurka sukan ajiye motocinsu a bakin gona, su rataya baka, su kutsa daji cikin duhu, kowa ya nufi wata bishiya guda da ya daɗe da sani. A ranar ce ake buɗe farautar barewa da baka a waɗannan jihohi. A Misuri da Wiskonsin kuwa tun tsakiyar Satumba ake farawa. Mutum zai hau bishiyar nan, ya zauna a kan wata 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikinta, ya yi tsit na awa uku ko huɗu, ko tari ba ya yi. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce sa'a yake jira. Masu abin sun san cewa yawancin abin da zai faru a safiyar nan an riga an yanke shi tun watanni shida ko bakwai da suka wuce, ranar da aka zaɓi wannan bishiya aka bar ta kusa da ita.

Wannan sharhi zai bi shirin nan daki-daki, ya duba dalilin kowane mataki. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, shirin da maharbi yake yi kafin buɗe daji haƙƙi ne a wuyansa, na dabbar da zai harba da kuma na iyalin da ke jiran dawowarsa.

Dabbar da ake magana a kanta

Sunan barewa aro muka yi mata, don ita ce mafi kama da ita a cikin namun dajinmu. Ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, domin ƙaton namiji a jihohin arewa yakan kai kilo 100, wani ma ya wuce. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, kuma idan ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar sama tana gudu, sauran su gani su san babu lafiya. Namiji ne ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne kamar itace. Abin mamaki, duk shekara yakan zubar da shi a tsakanin Janairu da Maris, wani sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi, ya gama girma a watan Agusta, sannan fatar ta bushe ya goge ta a jikin itatuwa. Barbara takan kai ƙololuwa a watan Nuwamba a jihohin arewa, kuma gajartar yini ce ke tayar da ita. Mace takan ɗauki ciki na kwana 200 ko kusa da haka, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni.

Saura ƙiris a rasa wannan dabba. Zuwa shekarar 1900, farautar kasuwa da saran daji sun rage ta har ana ƙiyasin ba ta wuce rabin miliyan ba a duk faɗin Amurka. A wannan shekara aka kafa dokar Lacey, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 kuma dokar Pittman da Robertson ta ware harajin bindigogi da harsasai don farfaɗo da namun daji, daga baya aka haɗa da kayan baka. Yau ana ƙiyasin adadinta ya kai wajen miliyan 30, har a wasu yankuna ta addabi gonaki tana kuma haddasa haɗarin mota. Saboda haka farauta a can aiki ne mai lasisi da lokaci da adadi, hukumar kula da namun daji ta kowace jiha ce ke tsara shi.

Farautar baka ta zamani ma tana da nata tarihin. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, wanda shi ne na ƙarshe a ƙabilarsa ta Yahi, ya fito daga tsaunukan Kalifoniya. Likitan da ya kula da shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da laɓaɓar dabba a wurinsa, shi da abokinsa Art Young suka yaɗa abin. Wiskonsin ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu na daban a 1934. A 1969 Holless Wilbur Allen, mutumin Misuri, ya sami rajistar mallakar wani sabon baka mai faifai masu juyawa a bakinsa, wanda idan aka ja tsirkiya har ƙarshe sai nauyinta ya ragu sosai, mutum ya iya riƙewa yana auna wuri. Irinsa ne a hannun mafi yawan maharba a yau.

Tazarar yadi ashirin

Duk wannan ci gaba bai kawar da babbar matsalar mai baka ba, wato kusanci. Mai bindiga yana iya kayar da barewa daga yadi 200. Mai baka yawanci a yadi 20 zuwa 25 yake harbi, kuma da dalili. Sauti yana tafiyar ƙafa 1,100 a daƙiƙa guda, kibiyar farauta kuwa da ƙyar take kai ƙafa 300. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa kunnen dabbar, ita kuma da ta ji sai ta durƙusa don ta zabura. A yadi 15 ba ta da lokacin kaucewa. A yadi 40, kibiyar da aka auna a ƙirji tana iya samunta a gadon baya, ko ta wuce ta sama.

Sannan akwai yadda kibiyar ke kisa. Maharban ƙasar Hausa sun dogara da dafi, ko'ina kibiya ta kama aiki ya soma. Kibiyar Amurka ba ta ɗauke da dafi. Kanta wuƙaƙe ne biyu ko uku masu kaifin reza, aikinsu su yanka jijiyoyin jini. Idan ta ratsa huhu biyu, dabbar takan faɗi cikin 'yan daƙiƙu, sau da yawa a kan idon maharbin. Idan ta kauce da tafin hannu biyu ta shiga tumbi, dabbar za ta kwana tana jin jiki, wataƙila ma a neme ta a rasa. Wurin da ake so a samu, bayan kafaɗa, bai wuce faɗin farantin cin abinci ba. Daga nan duk sauran maganar ta samo asali: yaya mutum zai yi ya kasance a taku ashirin daga dabbar da ta fi shi ji da sansana, tana tsaye a natse, ta ba shi gefenta?

Karatun daji tun da sauran sanyi

Gogaggun maharba sukan fara aiki a Fabrairu da Maris, bayan an rufe farauta, ƙanƙara ta fara narkewa, ganye bai fito ba. A wannan lokaci daji a buɗe yake kamar allo. Alamun da barewa ta bari a Nuwamban da ya wuce suna nan ba su ɓace ba, kuma ko mutum ya tayar da dabba daga makwancinta, tana da wata shida ta manta.

Mu ɗauki misalin mai neman wuri a gundumar Buffalo ta Wiskonsin, ƙasar tuddai da kwazazzabai a gefen kogin Misisipi, wadda ta yi suna da manyan mazajen barewa. Tun a gida zai buɗe taswira mai nuna tudu da gangare, da hoton tauraron ɗan'adam, ya sa alama a wuraren da yake zato. Sai ya sa takalmi ya je ya taka. Abu uku yake nema ya haɗa: inda dabbar ke kwana da rana, inda take ci da dare, da hanyar da ke tsakaninsu.

Makwanci yakan zama ɗan wuri a kwance inda ganye ya danne, da 'yan fararen gashi a ciki. Maharbin zai tsuguna a wurin, idonsa daidai da inda idon dabbar yake kasancewa, ya duba. A ƙasar tuddai sau da yawa zai tarar babban namiji ya zaɓi hancin tudu, kusa da sama, yadda iska ke kawo masa labarin bayansa, idonsa kuma na tsare da gangaren da ke gabansa. Daga nan zai gane cewa hanyar da yake bi bara ya shiga daji a fili take ga wannan dabba, tun daga bakin gona ake kallonsa.

Sai gurzar ƙaho: ƙananan bishiyoyi da aka saɓule wa ɓawo daga gwiwa zuwa ƙugu. Guda ɗaya ba ta cewa komai, amma idan suka jeru a layi, hanyar namiji ce, kuma gefen da aka gurza yana nuna inda ya fito. Sai tonon ƙasa, inda namiji ke share ganye da kofato ya yi fitsari, a ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo wanda yake lasa yana goga goshinsa. Nan ne dandalin saƙonsu, maza da mata duk suna zuwa su sansana. Sabon shiga yakan ruɗu da irin wannan wuri a bakin gona ya kafa kujerarsa a kai, alhali yawancin ziyarar da ake kai masa cikin dare ake yi, lokacin da doka ta hana harbi. Tonon da ke cikin duhuwa kusa da makwanci ya fi amfani.

Ayyukan watannin zafi

Daga Yuni zuwa Agusta mai hankali yakan rage shiga dajin. Aikin wannan lokaci ya kasu gida-gida.

Na farko neman izini. A jihohin gabas da na tsakiya mafi yawan ƙasa ta mutane ce, shiga ba izini laifi ne. Wanda ya je wa manomi tun Yuli, ya gaisa, ya taimaka da gyaran shinge, ya yi alkawarin cinyar nama, ya fi wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ana gobe buɗewa samun shiga. Yana da kyau kuma ya san maƙwabtan gonar, domin barewar da aka harba ba ta san iyaka ba, bin sawun jininta zuwa gonar wani ma sai da izini. Wanda zai shiga dajin gwamnati sai ya karanta ƙa'idojinsa, don a wurare da yawa an hana huda bishiya da ƙusa ko sare rassa.

Na biyu kallo daga nesa. A wannan lokaci mazaje suna yawo rukuni-rukuni, suna fitowa gonakin waken soya da yamma. Maharbi zai tsaya a bakin titi da madubin hangen nesa ya lura da kusurwar da suke fitowa da irin iskar da ake yi a ranar. Ana kuma ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto idan abu ya gifta. Suna da amfani, sai dai yawan zuwa duba su shi kansa ɓarna ne, kowace tafiya tana barin warin mutum a ciyawa.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a wurina, shi ne baka da mai riƙe shi. Ana duba tsirkiya ko ta fara tsinkewa, a canja ta tun da wuri don ta zauna kafin Oktoba. Ana gwada kibiya da ainihin kan farauta, domin sau da yawa ba ya sauka inda kan atisaye yake sauka. Nauyin jan baka ya zama wanda mutum zai iya ja a zaune, a hankali, ba tare da ya ɗaga shi sama yana nishi ba, domin bayan awa uku cikin sanyi damtse ba ya ba da abin da ya bayar a tsakar gida. Atisaye kuma ya yi kama da ranar aiki: daga sama, cikin rigar sanyi mai kauri, ana lanƙwasa ƙugu maimakon sauke hannu kawai, don tsayuwar jiki kada ta canja. Wasu sukan fito da sassafe su harba kibiya ɗaya tak su koma ciki, saboda a daji ma guda ɗaya ake samu. Nisan da mutum ke iya zuba kibiyoyinsa duka a cikin faranti, shi ne iyakarsa, a daji ma sai ya rage. Duk wanda ya taso a gidan da ake wasa wuƙa sosai kafin a kayar da ragon Layya ya san tushen wannan ɗabi'a: idan za ka ɗauki rai don abinci, ka sauƙaƙa wa mai ran.

Iska ce alƙali

Idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemo sosai, amma yana ganin shuɗi, yana kuma kama motsi ta kusan kowane gefe. Duk da haka ana iya yaudarar idonta, ana iya yaudarar kunnenta. Hancinta ne ba a yi wa dabara. Kasuwa cike take da sabulai da feshi da tufafin da ake cewa suna kashe wari. Suna ragewa, amma muddin mutum yana numfashi, iskar da ta bi ta kansa ta isa hancin barewa ta gama tona masa asiri.

Shi ya sa ake zaɓen bishiya da iska a zuci. Kowane wurin dako yana da iskarsa: wannan na iskar arewa maso yamma ne, wancan na iskar kudu. Ana so warin maharbi ya tafi inda dabba ba ta bi, kamar saman kogi, ko fili fetal, ko bakin gangare mai zurfi. Ran da iska ta juya, sai a bar wurin ko da kyamara ta nuna ƙaton namiji ya wuce jiya. Wanda ya shirya kujera uku ko huɗu don iska daban-daban ba ya rasa inda zai zauna.

A ƙasar tuddai akwai wata iskar da rahoton yanayi ba ya faɗa. Da hantsi, idan rana ta dumama ƙasa, iska takan hau sama ta bi gangare. Da yamma, idan inuwa ta sauka, sai ta yi sanyi ta gangaro kamar ruwa ta taru a ƙasan kwazazzabo. Don haka da safe ana so maharbi ya kasance sama da hanyar dabba, da yamma kuma ƙasa da ita. Can ƙasan kwazazzabo, inda sawu ya fi yawa har ya ja hankalin kowa, nan ne iska ke juyawa kamar guguwa, shi ya sa wurin yake da wuyar farauta.

Yadda maharba suke gwada iska abin sha'awa ne. Akwai wani tsiro a can, ɗan'uwan tumfafiya, mai kwanso cike da farar auduga mai ɗauke da iri. Maharbi yakan cika aljihu da ita. Idan ya hau bishiyar da yake tunani, sai ya saki sili ɗaya ya bi shi da ido. Zai ga ya tafi yadi goma gabas kamar yadda aka yi hasashe, ya tsaya cak a sama, sai kuma ya karkata ya nutse a hankali, ya sauka daidai kan hanyar da ake sa ran barewa za ta biyo. Wannan silin auduga ya gama yanke hukunci: bishiyar ba ta yi ba, a nemi wata.

Kowane mako da wurinsa

Wuri guda ba ya yi wa dukan lokacin farauta, domin abin da ke tafiyar da dabbar yana canjawa. A Satumba da farkon Oktoba ciki ne ke jan ta. Dakon yamma a hanyar gona ya fi kyau, ana ɗan ja da baya yadi 50 zuwa 100 cikin daji, inda manyan mazaje ke tsayawa suna jiran duhu kafin su fita fili. Dakon safe a wannan lokaci yana da haɗari, don mutum yakan ci karo da dabbobin suna dawowa daga gona. Da ganyen waken soya ya yi rawaya kuma 'ya'yan itacen ok suka fara zuba, sai a wayi gari gonar ba kowa. Farin ok suka fi so, saboda 'ya'yansa ba su kai na jan ok ɗaci ba. Wanda ya duba bishiyoyin tun Agusta ya san wacce ta yi 'ya'ya bana ya riga ya san inda za su koma.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba barbara ke mulki. Namiji yakan rage ci, ya yi ta yawo daga makwancin mata zuwa wani, har da tsakar rana. A nan ake neman matsatsi, wato inda yanayin ƙasa ya tilasta wa mai wucewa bin wuri guda: siririn daji tsakanin gonaki biyu, wuyan tudu inda ya ɗan lotsa, kan kwazazzabo inda dabba ke zagayewa don kada ta sauka ta hau, mashigin rafi, ko inda shinge ya karye. Namiji yakan bi gefen makwancin mata ta inda iska ke fitowa daga cikinsa, yana sansana ba tare da ya shiga ba. Maharbi sai ya zauna bayan wannan hanya, iskar ta bi ta kan dabbar kafin ta iso shi. A kwanakin nan ne ake ɗaukar abinci a wuni a sama. A Disamba kuma, sanyi ya tsananta, mazaje sun rame, sai a koma bakin abinci, musamman gonar masarar da ba a girbe ba.

Shiga da fita

Ga kuskuren da ya fi cinye wurare masu kyau. Mutum ya sami bishiyar da ba ta da aibi, amma hanyar zuwa gare ta ta ratsa gonar da dabbobin ke ci da asuba, ko ta bi ta gaban makwanci. Ya kore su tun bai hau ba, ya wuni yana mamakin shirun daji. Masana sukan ce gara bishiya mai daraja ta biyu da ke da hanyar shiga a ɓoye, da ta farko da ba ta da ita. Ana bin cikin rafi ko rami ko bayan tudu, ko da tafiyar za ta ninka. Ana share hanyar tun Agusta, a kwashe busassun ƙirare. Fita ma haka: wanda ya sauko da magariba a gaban barewa goma da ke kiwo ya koya musu inda yake zama. Shi ya sa wasu ke sa manomi ya zo da mota ya ɗauke su, don dabbobin sun saba da motar gona. Maharba da yawa sun shaida cewa zaman farko a wuri shi ne mafi albarka, daga nan kowane zama yana rage shi. Wannan ne ya sa ƙananan kujeru marasa nauyi, da wata irin ɗamarar zama da ake rataye da ita a jikin bishiya, suka karɓu a 'yan shekarun nan, don suna ba mutum damar sauya wuri kullum.

Bishiyar kanta

Ana so ta kasance yadi 15 zuwa 20 daga hanyar dabba, a gefe, domin wanda ya zauna daidai saman hanya ba shi da kusurwar harbi mai kyau. Tsayin da aka saba shi ne ƙafa 15 zuwa 20. Hawa fiye da haka yana taimakawa wajen ɓuya, amma yana sa kibiya ta sauko a tsaye, ta kama huhu ɗaya ta bar ɗaya, barewa mai huhu ɗaya kuwa tana iya tafiya mai nisa. Mai harbi da dama yakan juya kujerarsa yadda dabba za ta wuce ta hagunsa, don ya ja baka ba tare da ya juya jiki ba. Bayansa ya zama akwai rassa ko wani kututture da zai ɓatar da siffarsa, a kuma tuna cewa bishiyar da ke lulluɓe da ganye a Agusta tsirara take a Nuwamba. Ana sare 'yan rassa a buɗe tagogi biyu ko uku na harbi, kaɗan-kaɗan, tun da wuri, domin babban namiji yana lura da sabon sara a gidansa. Sannan a auna nisan wasu alamomi, wancan dutse yadi 18, wancan kututture 25, a haddace.

Hawa bishiya ma ba dole ba ne. A Oktoban 1965 Mel Johnson ya harbi wani namiji a gundumar Peoria ta Ilinoi yana laɓe a ƙasa a bakin gonar waken soya, da baka irin na da marar faifai. Ƙahon wannan dabba ya riƙe matsayi na ɗaya a ajinsa a kundin ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, har fiye da rabin ƙarni. Inda babu bishiyar da ta dace, bukkar ɓuya a ƙasa tana aiki, in dai an kafa ta da wuri dabbobin sun saba da ita.

Haɗarin da ya fi kibiya

Abin da ya fi raunata masu farautar barewa a Amurka shi ne faɗowa daga bishiya, ya ma fi harbin kuskure. Faɗuwa daga ƙafa 20 tana iya karya ƙashin baya. Yawancinta kuma tana faruwa ne wajen hawa, ko sauka, ko taka kujera daga tsani, a daidai lokacin da mutane da yawa ba su ɗaure kansu ba tukuna. Maganin sananne ne: ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi, da igiya da ta taso daga gindin bishiya har sama da kujera, mai ƙulli da ke zamewa idan an tura shi da hannu ya kuma cije idan nauyi ya faɗa masa. Daga ɗaga ƙafa daga ƙasa har dawowa, mutum a ɗaure yake. Baka kuma da wata igiya ake jawo shi bayan an zauna.

Kujerar da ta shekara a daji ba abar yarda ba ce. Rana tana cin madaurinta, kurege yana gwaguya, bishiya tana ƙara kauri tana ja. A duba kowane ɗauri kafin a ɗora nauyi. A duba bishiyar ma ko tana da rai, musamman tunda wani ƙwaro da aka gano a Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan ash, suka bushe a tsaye. A kuma gaya wa wani a gida ainihin bishiyar da za a hau da lokacin dawowa. Babu naman da ya kai a maida mutum gida a kan makara ko keken guragu.

Inda ake saɓani

Maharban ba bakinsu ɗaya ba a kan komai. Zuba masara don jawo barewa halal ne a Teksas, haramun ne a Ilinoi da Ayowa. Masu hani suna kafa hujja da wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967 ta kuma bayyana a Wiskonsin a 2002, domin tara dabbobi baki da baki a kan tsibi ɗaya yana yaɗa ta. Kyamarori ma sun jawo gardama, har Arizona ta hana amfani da su don farauta daga 2022. Baka mai kama da bindiga, wanda ake ɗana shi a ajiye, Wiskonsin ta buɗe shi ga kowa a 2014, wasu na murna don ya shigo da tsofaffi da yara, wasu na ganin ya rage wa abin daraja.

Ra'ayina a nan shi ne a auna kowane kayan aiki da tambaya ɗaya: yana sa kisa ya zama mai sauri da tsabta, ko kuwa yana ɗauke wa mutum wahalar sanin daji ne kawai? Na'urar auna nisa ta ci wannan jarrabawa. Tsibin masara a yankin da cuta ta ɓulla bai ci ba, domin yana sayen sauƙin mutum ɗaya da lafiyar garke duka.

Mu koma safiyar nan ta Oktoba. Gari ya waye, silin auduga ya tafi inda ake so, can sai ga ƙarar ganye. Namiji ya fito ya tsaya a yadi 18, kusa da dutsen da aka auna tun Agusta, amma ƙirjinsa ya fuskanto, kafaɗa ta tare huhu. Maharbin ya riƙe tsirkiya bai ja ba, yana jira ya juya. Dabbar ta sansana ƙasa, ta ɗaga kai, ta koma ta inda ta fito ba tare da ta ba da gefe ba. Wanda ya zo ba shiri, yana ganin wannan ce damarsa ta farko da ta ƙarshe, zai saki kibiya ya bar wa Allah sauran. Wanda ya taka dajin tun Maris yana iya barin ta ta tafi, domin wutsiyarta a ƙasa take, ba ta san da shi ba, kuma ya san inda za ta bi ran da iska ta sake kaɗowa daga arewa maso yamma.